Wahalar Ɓera da Haƙƙin Maƙwabci

Manomin Bichi ko Ɗambatta da ya ɗana wa ɓera tarko a gindin rumbu bai yi laifi ba, gama abincin 'ya'yansa yake karewa. Amma akwai masanan da suke kiwon ɓeraye domin su jefa su cikin baƙin ciki da gangan. Wannan ya halatta?

A shekarar 1987 Paul Willner da abokan aikinsa a Ingila suka bayyana hanyar. Ba a dūkan ɓeran. Yau a karkata akurkinsa, gobe a jiƙa shimfiɗarsa, jibi a bar fitila a kunne har gari ya waye, wata rana a hana shi abinci, kuma bai san abin da zai biyo baya ba. Bayan makonni sai ya rage shan ruwan sukarin da dā yake marmari. In an ba shi maganin ciwon damuwa na wasu makonni, marmarin yakan dawo. Ta haka ake gwada magungunan da za a ba mutane.

Katikizim na Ikilisiyar Katolika na 1992, a sakin layi na 2417 da 2418, ya yarda da gwaji a kan dabbobi muddin bai wuce iyaka ba, kuma yana taimakawa wajen jinya ko ceton rai. Ya kuma koyar cewa wahalar da dabba a banza ya saɓa wa mutuncin ɗan Adam. Saboda haka wahalar ɓeran nan bashi ce a wuyanmu, ba ta biyuwa sai majinyaci ya amfana.

A nan tambayar ta iso ƙofar gidanmu. Idan ƙananan wahalolin da ba sa yankewa suna iya kashe daɗin rai a jikin ɓera, yaya matar da gonar gādonsu ta ƙanƙance, bashin taki yana kansu, kishiya tana habaici, miji ya tafi cin rani? Sa'ad da ta daina ci, ta daina fira, mukan ce aljanu ne ko raunin bangaskiya. Ciwo ne, yana kuwa da magani. Mu yi mata addu'a, mu sauke mata wani kayan, mu kuma raka ta wurin likita, ko da asibitin Dawanau ne, ba tare da jin kunya ba.

Ubangiji ya ba mu zuciyar tausayi. Amin.