Riƙon Ƙwarya: Wajibin Iyaye Ga Ɗan Da Hankalinsa Ya Taɓu

A cikin masifun da kan auka wa gida, kaɗan ne suka kai wannan nauyi: mutum ya reni ɗansa tun yana cikin tsumman goyo har ya kawo ƙarfi, ya fara ɗauke masa aikin gona ko ya shiga babbar makaranta, ana shirin nema masa aure, sai a wayi gari yaron ya sake. Ya bar barci, ya bar wanka, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana binsa za a kashe shi, ko kuwa yana jin muryoyin da ba mai ji sai shi. A yi ta fama, har ran da likita zai ce wa uba, "Malam, ɗanka ciwon taɓin hankali gare shi, kuma jiyyarsa za ta ɗauki lokaci." Daga ran nan uwa da uba su kan shiga tunanin da ba su taɓa yi ba. Wannan da ke gabanmu, yaro ne za mu koma reno, ko kuwa baligi ne mai ikon kansa? Ina iyakar ikonmu a kansa? Wannan ita ce tambayar da mu ke so mu duba tare da ku, musamman ku mutanen ƙasar Tambuwal da ta Kebbe, waɗanda asibitin wannan ciwo ya yi wa nisa.

Da farko ya kamata a san ciwon. Wanda ya fi tsanani a cikin irinsa, likitoci na kiransa sikizofiriniya. Bisa ga lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2022, mutum 1 cikin 300 na fama da shi a duniya, watau wajen mutum miliyan 24. Ya fi kama mutum daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara ashirin da 'yan kai, kuma ya kan riga bayyana ga maza kafin mata. Akwai wani kuma wanda mai shi kan yi makonni cikin zumuɗi da yawan magana da ɓarnar kuɗi, sa'an nan ya koma cikin baƙin ciki har ya kasa tashi daga shimfiɗa. Gado na da hannu a ciki, shan tabar wiwi kuma na iya tayar da shi ga wanda ke da asalinsa a jiki, amma ya kan kama yaron da bai taɓa shan kome ba, ɗan gidan tarbiyya. Saboda haka uban da ke cewa, "Ina na yi kuskure?" da uwar da ke zargin kishiya ko maƙwabciya da sammu, duk su sassauta wa kansu. Neman mai laifi ya raba zumunta da yawa, bai kuwa taɓa warkar da kowa ba.

To, mu koma ga tambayarmu. Hausawa na da wata magana, riƙon ƙwarya. In sarki ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo, a kan sa wani ya riƙe gari. Mai riƙon nan ya kan yi hukunci, ya kan tsare dukiyar gari, amma ya san sarautar ba tasa ba ce, kuma ran da mai ita ya dawo zai miƙa masa. A ganinmu haka ikon iyaye ya ke a kan ɗansu baligi sa'ad da hankalinsa ya taɓu. Ciwon ya raunana tunaninsa na wani lokaci, amma mutuncinsa na nan, shekarunsa na nan, haƙƙinsa na nan. Malaman Shari'a ma haka suka tsara: wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifin abin da ya yi cikin gushewar, rabonsa na gado ba ya faɗuwa, waliyyi ne ke tsare masa dukiyarsa, in ya sami sauƙi a mayar masa. Ashe ke nan iyaye amana aka ba su, kuma za a tambaye su yadda suka riƙe ta.

Abu na fari da amanar nan ke bukata shi ne magani. Kakanninmu ba su da shi, mu kuwa Allah Ya nufe mu da samunsa. A 1952 likitoci a birnin Paris na ƙasar Faransa suka gane amfanin maganin nan da a ke sayarwa da sunan Largactil, wanda ke kwantar da ruɗewa da jin muryoyi, bayansa kuma aka sami waɗansu da dama, har da allurar da a ke yi sau ɗaya a wata. A ƙasar Sakkwato akwai asibitin Gwamnatin Tarayya na masu ciwon ƙwaƙwalwa a Kware, akwai kuma sashen wannan ciwo a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mun sani tafiyar ba ƙarama ba ce. Mutumin Kebbe sai ya fito Tambuwal, ya bi ta Shagari da Boɗinga ya shiga Sakkwato, sa'an nan ya wuce arewa zuwa Kware, ga kuɗin mota na mutum biyu ko uku, ga kuɗin magani, wataƙila kuma damina ce gona na jira. Duk da haka, in an yi lissafi, tumakin da a kan sayar a bi masu magani gari gari sun fi wannan tsada. Addu'a kuwa ba ta hana asibiti. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya rubuta littattafai a kan ilmin magani, kuma asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da ɓangaren masu taɓin hankali. Abin da za a guje masa shi ne duk mai cewa a bar ƙwayar likita, ko mai bugun majiyyaci da sunan fitar da iska.

A nan iyaye da yawa kan yi tuntuɓe. Yaro ya sha magani wata biyu, ya natsu, sai a ce ya warke, a bari. Ba a jima ba ciwon ya dawo, sau da yawa ma fiye da na fari. Wani yaron kuma shi ke ƙin sha, don maganin na sa shi yawan barci, ko sanƙarewar jiki, ko dalalar miyau, ko ƙiba. Wannan kuka ne na gaskiya, bai kamata a ɗauke shi taurin kai ba. A koma da shi wurin likita, a bar shi ya faɗi da bakinsa abin da ke damunsa, gama a kan rage maganin ko a sake wani.

Wani zai ce, "Kai mai rubutu, ba ka ga yaron nan sa'ad da abin ya motsa ba. Ya fasa tukwane, ya ɗaga wa uwarsa hannu. In ba mu sa masa mari ba, me za mu yi?" Wannan magana ce mai nauyi, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ruwa ke zuba. Gaskiya ne akwai ranar da tilas a riƙe mutum don a tsare ransa da na waɗansu. In ya kai haka, ko kuwa ya fara zancen mutuwa, a kawar da wuƙa da igiya da maganin ƙwari, kada a bar shi shi kaɗai, a sami maza masu natsuwa su raka shi asibiti ran nan. Riƙo na sa'o'i kaɗan a kan hanyar magani daban ne da ɗauri na watanni a turke a bayan gida. Mari ya kan ci ƙafa, ya kuma koya wa yaro cewa iyayensa abokan gaba ne, alhali kuwa amincewarsa da su ita ce jarin da za su yi jiyya da shi shekara da shekaru. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum wajen 300, waɗansu da sarƙa a ƙafa, da yawansu kuma danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna zaton gyara a ke yi. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Sabuwar ta hana wulaƙanta mai wannan ciwo, ta kuma ba shi haƙƙin a yi shawara da shi a kan jiyyarsa.

Akwai kuma wani kuskuren da ke zuwa ta hanyar tausayi. Uwa ta hana yaro fita, ta hana shi taɓa fartanya, ta amsa duk tambayar da aka yi masa, har ya zama kamar jariri mai gemu. Tun ƙarshen shekarun 1950 wani masani mai suna George Brown ya bi sawun majiyyatan da aka sallama daga asibiti a Ingila. Shi da abokan aikinsa suka ga ciwon ya fi saurin komowa a gidan da a ke yawan faɗa da gori, haka kuma a gidan da a ke shisshige wa majiyyaci ba a bar shi ya sarara ba. A ƙasarmu ma, a 1954 Likita Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta: majiyyaci ya sauka a ƙauye tare da wani danginsa, da rana ya je asibiti, da yamma ya komo cikin jama'a. Abin da za mu koya a nan shi ne, zama cikin mutane da ɗan aiki gwargwadon ƙarfi suna daga cikin magani. A bar yaro ya ba dabbobi ruwa, ya je masallaci, ya ci tuwo a akushi ɗaya da 'yan'uwansa. In ɗan fari ne, kunya ta hana iyaye zama su yi hira da shi, to, a sami kawu ko goggo ko kaka wanda zai zama abokin sirrinsa.

Batun aure kuwa, a yi hattara. Aure ba maganin wannan ciwo ba ne. Mai shan magani wanda ya natsu yana iya aure, ya haifu, ya riƙe gidansa, namiji ne ko mace. Amma kada a ɓoye wa surukai, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma 'yar mutane ko ɗan mutane su ma amana ce. Kada kuma a ɗaura wa yarinya aure tana cikin ruɗewa don a huta da ita.

Saura mayar da ƙwarya ga mai ita, wannan kuwa shi ya fi wuya, don tsoro ba ya barin zuciyar uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum 1 cikin 3 masu sikizofiriniya kan warke sarai, waɗansu kuma su kan zauna lafiya muddin suna shan magani. Saboda haka a riƙa mayar wa yaro ikonsa kaɗan kaɗan: yau ya riƙe maganinsa da kansa, gobe a aike shi kasuwa da kuɗi, baɗi a yanka masa gayauna. In ya yi tuntuɓe a karɓa, in ya miƙe a sake ba shi. Sa'ad da ya ke cikin natsuwa, uba ya zauna da shi ya ce, "Ɗana, in muka ga barcinka ya fara ƙauracewa, me ka ke so mu yi, wa ka ke so ya raka ka?" Abin da aka shirya da shi yana lafiya ba zai zama cin mutunci ba ran da aka aikata.

Daga ƙarshe, iyaye su tuna su ma mutane ne, kuma ba za su dawwama ba. Su raba nauyin da 'yan'uwan yaron tun yanzu, su koya musu sunan maganin da ranar komawa asibiti. Ku kuma maƙwabta, ku hana yara jifa da waƙar tsokana, ku kira majiyyaci da sunansa na yanka, ku shiga ku gai da iyayensa kamar yadda ku ke gai da mai jiyyar kowane ciwo, gama zumunta a ƙafa ta ke. Wanda Allah Ya ba karatu a cikinku, ya karanta wa wanda bai iya ba abin da likita ya rubuta a jikin takardar magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu jiyyarsu haƙuri da lada, amin.