Baiko: Tukwici Ne Ko Biki?

Idan kaka ta yi, aka gama yankan gero da ɗaurin dami, majami'u a ƙasar Hausa sukan ware Lahadi guda domin godiyar girbi. Wanda ya taɓa halarta a ƙauyukan Maraɗi ko Dogon Dutsi ya san yadda abin yake. Matan zumunta suna gaba da ankonsu suna buga tulu, maza na biye da damman gero a ka, yara na jan akuya ko rungume da zakara. Ana ajiye komai a gaban bagade, fasto ya yi addu'a, wani wuri kuma a yi gwanjon kayan bayan an tashi daga sujada. A cikin layin ba a rasa gwauruwa, wato matar da mijinta ya rasu, ɗauke da tiya biyu a kwano, alhali duk unguwa an san abin da ta girba ba zai kai ta watan Mayu ba. Tambayata a kanta take. Ya dace a karɓi geron nan? In an karɓa, ya dace a nuna ta a ce kowa ya yi koyi?

Ina gabatar da shirin safiyar Lahadi a wani gidan rediyo, kuma duk shekarar da na jefa wannan tambaya masu kira sukan rabu biyu. Wasu su ce a karɓa mana, ai Yesu da kansa ya yabi irinta. Wasu su ce wannan cin zalin marayu ne da sunan Allah. Ɓangaren farko suna da hujja, to bari mu duba ta da kyau.

Labarin yana ƙarshen sura 12 ta Bisharar Markus, Luka ma ya kawo shi a farkon sura 21. Yesu yana zaune a Haikali a Urushalima, daura da inda ake zuba baiko. Masu hali suna zuba kuɗi da yawa. Sai wata matalauciyar gwauruwa ta zo ta jefa ƙananan tsabar tagulla biyu, mafi ƙanƙantar kuɗin da ake kashewa a ƙasar a lokacin. Idan aka haɗa su, kashi 1 cikin 64 ne na dinari, dinari kuwa ladan ƙwadagon yini guda ne. Yesu ya kira almajiransa ya nuna musu cewa nata ya fi na kowa, domin sauran daga rarar dukiyarsu suka ɗiba, ita kuwa abin da za ta ci ta bayar.

Yawancin wa'azin da na ji a nan yake tsayawa. Amma ayoyin da ke gab da labarin gargaɗi ne a kan malaman Attaura masu son gaisuwa a kasuwa da manyan kujeru, waɗanda Yesu ya zarga da cinye kayan gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Da aka fito kuma, wani almajiri ya yaba girman duwatsun ginin, Yesu ya ce za a rushe shi ƙaƙaf. Haka aka yi a shekara ta 70, lokacin da sojojin Roma suka ci birnin. Ke nan an saka matar tsakanin masu cin kayan irinta da ginin da ba zai daɗe ba. A fahimtata Yesu ya girmama zuciyarta ƙwarai, amma ban ga inda ya wanke waɗanda suka bari ta kai ga tsaba biyu ba. Shari'ar Musa ma, a Kubawar Shari'a sura 14, ta ce ushirin shekara ta uku a tara shi a gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Asali ita mai karɓa ce.

Wannan bai rufe maganar ba, domin akwai wata gaskiya a ɗaya hannun. Kyautar da ba ta taɓa mai ita ba, da wuya a kira ta hadaya. Sarki Dawuda ya je sayen masussukar Arauna domin ya gina bagade, mai wurin ya ce ya ɗauka kyauta har da shanun, Dawuda ya ƙi, ya biya, don bai yarda ya miƙa wa Allah abin da bai ci masa komai ba. Kuma wanda ya zauna da talakawa ya san babu abin da ke ƙona musu rai kamar a ce musu, “Ke bar shi, ba ki da shi.” Ranar da aka hana mutum bayarwa an mayar da shi ɗan kallo a cikin jama'arsa. Iyayenmu mata sun fi kowa sanin wannan, shi ya sa ko goro ɗaya ne sukan ƙulla a gefen zane su kai.

Abin da ya taimake ni na warware ƙullin shi ne kalmomi biyu na gidajenmu. Muna da tukwici, muna da biki. Tukwici yana zuwa ne bayan kyauta ta riga ta iso hannu. Ba kuɗin kayan ba ne, ba kuma jingina ce ta wata kyautar gobe ba, alama ce cewa an gani an yaba. Shi ya sa ake cewa yaba kyauta tukwici. Biki kuwa, irin na suna da aure, da lissafi yake tafiya. Na kawo miki jika biyar yau, kin riƙe a ka ko kin rubuta, ranar nawa kuma ana sa ran ki mayar da abin da ya fi. Biki ba laifi ba ne, da shi mata da yawa suke aurar da 'ya'ya. Amma bashi ne da ya sa kayan kwalliya, kuma kowa ya san haka.

Baikon Kirista, yadda na fahimce shi, dangin tukwici ne. Rai da ruwan sama da gafara sun riga sun iso, mutum ya tashi yana neman abin da zai nuna ya gani. Matsalar ta taso ne da wa'azin da ya mayar da baiko biki da Allah. Koyarwar “shuka iri”, wadda mai wa'azin Amurka Oral Roberts ya yaɗa, ta ratsa Afirka ta talabijin da manyan tarurruka, yau har a ƙananan majami'unmu ana jin ta: ka shuka jika goma, ka girbi ɗari. Wanda ya bayar a kan wannan sharaɗi yana jiran ranar bikinsa. In ba ta zo ba, ɗaya cikin biyu: ya ce Allah ya ci masa bashi, ko a ce masa bangaskiyarsa ce ta gaza, ya ƙara shukawa. Duk ta inda aka bi, mai riƙe da kwandon baiko ba ya asara.

Abin dariya, manomi ne ya fi kowa sanin cewa misalin bai tsaya da ƙafarsa ba. A ƙasarmu akan yi binne, a zuba iri cikin busasshen rairayi kafin ruwa ya sauka. In ana neman hoton dogara ga Allah, ga shi nan. Amma mai binne bai taɓa ɗaukar cewa sama ta sa masa hannu a takarda ba. Ya san ruwa na iya latti, iri ya ƙone, fara ta zo kamar yadda ta zo a 2004 har aka shiga yunwar 2005 a Maraɗi da Damagaram. Kuma ba ya kwashe abincin yara ya binne. Yana dogara, yana kuma auna rumbunsa.

Manzo Bulus ya yi irin wannan awon lokacin da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, sura 8 da 9, ya yabi ikilisiyoyin Makidoniya da suka bayar fiye da ƙarfinsu cikin tsananin talauci, har suna roƙo a bar su su sa hannu. A lura, su suka roƙa. Sannan ya shaida wa Korintiyawa cewa ana karɓar kyauta gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba a son wasu su huta wasu su shiga ƙunci, kuma kada kowa ya bayar da tilas ko ɓacin rai. Maƙwabtanmu Musulmi za su gane wannan da sauri, domin zakka tana da nisabi, wanda bai kai ba ba a bin sa, sadaka kuma ƙofarta a buɗe take ga kowa.

To, mu koma kan gwauruwa da tiyarta biyu. Ni ina ganin a karɓa, da hannu biyu, kamar yadda ake karɓar buhun attajiri. Tsakaninta da Ubangijinta ne, ba ni da hurumin auna mata godiya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira irin wannan kyauta daga kan bagade. Ita tana da ikon ba da na ƙarshe, amma fasto ba shi da ikon nema. Haka nan al'adar kiran suna da adadi a lasifika, “masu jika hamsin su fito, masu ashirin su biyo”, har a gangaro kan mai dala ashirin tana tsaye ita kaɗai ana kallo. Wanda ya fito a irin wannan layi, kunya ce ta fito da shi ko godiya, shi kansa ba zai iya rarrabewa ba.

Karɓar kuma tana ɗora nauyi a kan majami'a. Ikilisiyar farko, a Ayyukan Manzanni sura 6, ta zaɓi mutum bakwai musamman saboda an yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye a rabon abinci na kullum. Mu muna da kwamitin gini, kwamitin sayen kayan kiɗa, kwamitin tarbar baƙi, amma ba ko'ina ake da mutumin da aikinsa shi ne ya san rumbun wa ya ƙare ba. Geron da aka tara a watan Nuwamba, sau da yawa an sayar da shi kafin Kirsimeti, lokacin da farashi yake ƙasa, an sayi kwanon rufi ko siminti. Da an ajiye ko da sulusinsa zuwa Yuli da Agusta, lokacin da tiya take tsada, noma ya yi nisa, gida kuma babu komai, da tiya biyun nan sun koma inda suka fito sun zama goma. Ranar karanta rahoton kuɗi kuma, bayan magatakarda ya faɗi dami nawa aka samu da abin da gwanjo ya kawo, sai ya faɗi gidaje nawa aka kai wa hatsi da damina, ba tare da kiran sunan kowa ba.