Takardar Sallamar Tsohon Soja: A Gyara Ko A Bari?

Akwai wata tambaya da nake so in ajiye a gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, mu juya ta tare. A ido ƙarama ce, amma idan aka tona sai a tarar ta taɓo maganar gaskiya da shaida da hakkin mamaci a kan masu rai. Tambayar ita ce: mutum ya je yaƙi ya komo, an ba shi takardar sallama, amma gurbin da ake rubuta lambobin da ya cancanta an bar shi fili. Yau shekara wajen tamanin ke nan, shi ya riga mu gidan gaskiya, daular da ya yi wa yaƙin kuwa ta naɗe tabarmarta daga ƙasar nan tun 1960. Shin wajibi ne a kan 'ya'yansa da jikokinsa su bi sawu a cike gurbin nan, ko kuwa wahalar banza ce?

Kafin mu yanke hukunci ya kamata mu san a kan su wa muke magana. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila, Ingila ta ɗebi samarin ƙasar nan ta zuba a rundunarta ta Afirka ta Yamma, rundunar da Hausa ce harshen da sojanta suka fi fahimtar juna da shi. Da farko an kai su gabashin Afirka su kara da Italiya, inda sojan Nijeriya suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, sa'an nan suka nausa Habasha. A 1943 aka kafa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, aka tsallaka teku da su zuwa Indiya, daga can sai Bama, ƙasar da yau ake kira Miyanma, don su tari Japan. Kimanin mutum 90,000 ne suka tafi daga Afirka ta Yamma, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Sun yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, sun ci garin Myohaung a watan Janairu na 1945, wasu bataliyoyi uku kuma aka haɗa su da dakarun Chindit masu kutsawa bayan abokan gaba. Wanda ya san barikin Chindit a Zariya, ko na Dalet a Kaduna, ko na Dodan a Ikko, to sunayen yaƙin Bama yake ambata, ko ya sani ko bai sani ba. Da suka komo, Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja.

To, ina maganar lambobin? Lambar yaƙi, wadda tsofaffi ke ce wa minda, iri biyu ce, kuma duk maganata a kan wannan bambanci za ta tsaya. Akwai lambar jarumtaka, wadda sai hafsa ya rubuta abin da soja ya aikata, manya sun amince, an buga sunansa a jaridar gwamnati ta London Gazette. Irinta ce Chari Maigumeri ya samu, wanda aka sa wa barikin Lokoja sunansa. Akwai kuma lambar halarta, wadda ba ta bukatar alfarmar kowa. Duk sojan ƙasa da ya yi aikin yaƙi a Bama tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945 ya cancanci Tauraron Bama, wani tauraro mai tsini shida da ake ratayawa da ƙyalle shuɗi mai ja a tsakiya da ratsin ruwan goro. Wanda ya yi kwana 28 cikin kaki ya cancanci Lambar Yaƙi ta 1939-45. Waɗannan hakki ne, kamar ladan lebura.

Dalilin da ya sa ake samun gurbi fili ba ɓoyayye ba ne. Yawancin sojanmu an sallame su a 1946, alhali kuwa ko a Ingila sai wajen 1948 aka shiga raba ƙarfen sosai, kuma ƙaramin soja sai ya cika takarda ya nema. Ka ɗauki mutumin da aka sauke a tashar jirgin ƙasa ta Kano, ya kama hanyar kudu, ya koma gonarsa a ƙasar Kiru ko Bebeji ko Tudun Wada, bai iya boko ba, sunansa kuma wani akawu ya rubuta shi yadda kunnensa ya ji, sau da yawa sunan yanka haɗe da sunan gari kawai. Wa zai bi shi da takarda? Bugu da ƙari, lambobin halarta da Ingila ta raba na wannan yaƙi ba a zana sunan mai su a jiki ba. Saboda haka ko ƙarfen ya zo hannu, ba ya faɗin ko na wane ne. Takarda ce kaɗai ke magana.

Ni mutumin Ƙafin Maiyaki ne, a kan hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta bi Tudun Wada da Doguwa, kuma a gidanmu wannan tambaya ta taɓa raba kawunan mutane. Kakanmu yana cikin waɗanda suka je Bama. Bayan rasuwarsa aka buɗe akwatin ƙarfensa aka sami littafin sallamarsa, da lambar sojansa da sunan rundunarsa da ranar da aka sallame shi, amma wurin lambobi babu ko ɗigo. Yayana ya ce sai an bi. Baffanmu ya ce, "Kai yaro, bar mamaci ya huta. Abin da ya yi, Allah ya gani. Takardar Nasara za ta ƙara masa haske a kabari ne?" Yayana ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri Baffa, ai ba don kabari ba ne, don mu ne." Daga nan aka yi shiru, amma ni maganar ba ta bar ni ba, don kuwa na ga kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya.

Bari mu fara da hujjar Baffa, don ita ce mafi nauyi. Lalle mamaci ba ya amfana da tagulla. Kuma addini ya tsoratar da mu game da wanda ya yi yaƙi don a ce masa jarumi. Amma riya laifin mai aiki ne idan ya nemi yabo da aikinsa. Kakanmu bai nemi kome ba, ya mutu bai ko ɗaga maganar ba. Abin da ya rage a kanmu shaida ce, shaida kuwa nauyinta a wuyan mai rai yake. Mu tuna fa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da adalci ba tare da tauye kome ba, ayar da ke bin ta kuma ta hana ɓoye shaida. Sanin Allah ga abu bai taɓa sauke wa mutane nauyin rubuta shi daidai ba. In da haka ne, da ba a kafa shaidu a ɗaurin aure ko a cinikin gona ba.

Hujja ta biyu na fi jin ta a nan jami'a, a bakin abokaina masu zafin kishin ƙasa. Suna cewa, yaƙin wa? Mutanen da suka ci Kano da yaƙi a 1903 su ne suka komo bayan shekara arba'in suka ɗebi jikokin waɗanda suka ci, wasu da son ransu, wasu kuwa da matsin hakimi da dagaci, a daidai lokacin da ake diban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos. Neman lambarsu a yau, in ji su, roƙon yabo ne a wurin wanda ya zalunce ka. Wannan magana tana da ƙarfi, amma ina ganin ta kifar da kanta. Wa ke cin ribar gurbin da aka bari fili? Wanda ake bi bashi. A 2019 jaridar Guardian ta Ingila ta bayyana wata takardar gwamnati da ta nuna kuɗin sallama na ƙaramin soja Bature sule goma ne a kan kowane wata da ya yi yana aiki, na takwaransa baƙar fata kuwa sule uku da sisi. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwal ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina don tunawa ba, har Ministan Tsaron Ingila ya nemi gafara a majalisa. Da me aka kama su? Da takarda. Wanda ya ce a bar takarda yadda take don ƙin Turawa, ya yafe musu bashi bai sani ba.

Hujja ta uku ita ce ta masu cewa bakin alƙalami ya bushe, lokaci ya wuce. Gaskiya ne ruwan da ya zube ba ya kwasuwa, amma ana iya faɗin wanda ya zubar. A watan Janairu na 1997 Amurka ta ba sojoji baƙar fata bakwai na Yaƙin Duniya na Biyu lambar jarumtaka mafi girma ta ƙasar, bayan bincike ya nuna launin fata ne ya hana su, kuma ɗaya kaɗai, Vernon Baker, ke da rai a ranar. A 2024 Faransa ta rubuta shida daga cikin sojojin Afirka da ta harbe a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944 saboda sun nemi kuɗinsu, a cikin jerin waɗanda suka mutu dominta. Gyaran ya makara, kuma bai cika ba. Duk da haka yaron da zai buɗe littafin tarihi gobe ba zai karanta abin da ubansa ya karanta ba.

Sai dai akwai wani gefe na maganar da ya fi shafar Yayana da irinsa, kuma a nan ne ake gane mai neman gaskiya da mai neman suna. A gidanmu ana ba da labari cewa Kaka ya yi wata bajinta a bakin kogi, kowace shekara kuma labarin ƙara tsawo yake. Wani ɗan'uwa har ya kawo shawarar a sa a rubuta masa lambar jarumtaka gaba ɗaya, tun da dai gyara za a yi. A nan na tsaya tare da Baffa. Hujjar da ta sa muka ce a cike gurbi ita ce takarda ta faɗi abin da ya faru. Wannan hujja ɗin ita ce kuma ta hana mu ƙara abin da ba mu da shaidarsa. Mai tauye mudu da mai cusa tsakuwa a cikin hatsi duk laifinsu ɗaya. In muka rubuta ƙarya guda, mun ba duk mai son ƙaryata sauran dama.

Kuma me ya sa muke ganin sai da bajinta mutum ke da daraja? Rundunonin Afirka ta Yamma a Bama sun dogara ne a kan dubban sojoji masu dako, waɗanda suka ɗauki harsashi da abinci da kayan asibiti a ka, suka ratsa duwatsu da kurmin da mota ba ta shiga. Da yawansu ko bindiga ba a ba su ba. Idan bincike ya nuna kakan wani ɗan dako ne, to a rubuta ɗan dako, a rubuta Tauraron Bama a gabansa, don ya cancance shi daidai da mai bindiga. Jikan da ya ji kunyar wannan, shi ne ke bukatar gyara, ba takardar ba.

Saboda haka amsata ita ce a gyara, amma bisa sharaɗi biyu: kada a rage, kada a ƙara. Kuma nauyin bai tsaya a kan jikoki kaɗai ba, ya hau kanmu mu da aka ba ilmin karanta takardun. Littattafan da rundunoni suka riƙa rubuta abin da ya faru kullum a fagen fama suna nan a gidan ajiye takardun tarihi na Ingila da ke Kew. Akwai gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, akwai kuma ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion. Wanda ke da lambar soja da sunan runduna ya sami bakin zare. Abin da ya fi gaggawa shi ne littattafan sallamar da ke cikin akwatuna a ƙauyukanmu, waɗanda gara da ɗigar damina ke ci kullum. Ɗalibin da zai tafi hutu Kiru ko Bebeji ko Doguwa, me zai hana ya tambayi tsofaffin gidansu, ya ɗauki hoton kowane shafi, ya rubuta abin da aka gani dabam, abin da aka ji dabam? Wannan magana kuma ba ta ƙare a kan Bama ba. Waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suna nan da sauransu a raye, ana iya tambayarsu baki da baki, su kuwa babu wani Bature da za mu ɗora wa laifin takardunsu.

Kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da mazan jiya, a busa begila, a watse. Hakan ba laifi ba ne. Amma tunawa da mutane a dunƙule abu ne mai sauƙi, don ba ta bukatar ka san kowa. Mai wuyar ita ce ka zauna da sunan mutum ɗaya, ka bi shi har ka tabbatar da inda ya je da abin da ya yi, ka rubuta shi yadda yake. Allah ya ji ƙan mazan jiya, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar shaida.