Yabon Gwani da Ranar Sauka Daga Kujera

Hausawa suna da karin magana biyu da suke kamar suna jayayya da juna. Ɗaya ta ce yabon gwani ya zama dole, ɗayar kuma ta ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ranar da shugaban jami'a zai yi ritaya, maganganun biyu a zaure ɗaya suke haɗuwa. Za a shirya walima, manya su yi jawabai, a sanya wa wani gini sunansa, shi kuwa yana zaune yana sauraro. Mai hankali zai iya tambaya: wannan karramawa haƙƙi ne ake saukewa, ko bambaɗanci ne aka sa wa rigar ilimi? Ra'ayina shi ne haƙƙi ne, da sharaɗin ta kasance shaida irin wadda ake bayarwa a gaban alƙali, kuma abin da ya fi cancantar a shaida a kansa shi ne yadda mutumin ya riƙe amana da yadda ya sake ta.

Rayuwar Fada Theodore Hesburgh ta isa misali. Limamin ɗarikar Katolika ne da ya shugabanci Jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiana a Amurka daga 1952 zuwa 1987. Ya hau kujerar yana ɗan shekara 35, ya kuma shekara 35 a kanta. Ya tarar da jami'ar da aka fi saninta da ƙwallo, ya bar ta a sahun manyan jami'o'in bincike. Asusun ajiyarta ya tashi daga dala miliyan 9 zuwa miliyan 350, yawan ɗalibai ya kusan ninkawa, kuma a 1972 aka fara ɗaukar mata karatun digirin farko. A shekarar da ya sauka aka sanya wa babban ɗakin karatun jami'ar sunansa. Waɗannan su ne alƙaluman da aka saba karantowa a bikin bankwana, gaskiya ne kuma. Sai dai kuɗi da gine-gine ƙwazo suke nunawa, ƙwazo kuwa ana samunsa har wajen azzalumi. Wanda yake son sanin halin mutum sai ya duba lokutan da aka ba shi zaɓi tsakanin riƙewa da sakewa.

Sau uku irin wannan zaɓin ya zo wa Hesburgh a bainar jama'a. A 1967 ya jagoranci miƙa ragamar jami'ar daga hannun ƙungiyar limaman Holy Cross, wadda ta kafa ta kuma shi kansa ɗanta ne, zuwa ga majalisar amintattu da akasarin mambobinta ba limamai ba ne. Wato ya rage ikon mutanensa da hannunsa, ya kuma sa kansa ƙarƙashin waɗanda za su iya tuhumarsa. Na biyu, tun 1957 yake cikin hukumar kare haƙƙin 'yan ƙasa ta Amurka, ya zama shugabanta a 1969, amma da ya ƙi yin shiru kan yadda gwamnatin Shugaba Nixon take jan ƙafa a batun haƙƙin baƙar fata, sai aka nemi ya ajiye muƙamin a 1972. Da ya lallaɓa, da wataƙila ya tsira da kujerarsa. Na uku, da ya yi ritaya, shi da mataimakinsa Fada Edmund Joyce sun bar harabar jami'ar sun yi doguwar tafiya, magajinsa Fada Edward Malloy ya samu sarari ya kafa ƙafarsa ba tare da inuwar wani a kansa ba. Duk wanda ya san yadda tsohon shugaba kan zauna a gefe ana kai masa gaisuwa da tsegumi, har sabon ya rasa ta cewa, ya san wannan tafiyar aiki ce babba.

Ƙorafi na farko a kan irin wannan karramawa daga addini yake fitowa, kuma yana da nauyi. A hadisi an yi gargaɗi mai tsanani game da yabon mutum a gabansa, domin yabo kan shuka jiji da kai, ya kuma buɗe wa riya ƙofa. Koyarwar Kirista ma tana tsoratar da mai aikin alheri don mutane su gani. To amma wani hadisin kuma ya haɗa godiya ga mutane da godiya ga Allah, malamai kuwa sun daidaita tsakanin biyun da cewa abin zargi shi ne yabon da ya wuce gaskiya, ko wanda ake tsoron ya ruɗi mai shi. A nan lokaci yana da muhimmanci. Wanda ya yabi shugaba yana kan kujera ana iya zarginsa da neman ƙarin girma ko kwangila. Ranar sauka kuwa hannun mai bayarwa ya riga ya rufe, ɗan kuturu ya cika shekarunsa da yatsunsa. Shi ya sa yabon ranar ritaya ya fi kowane yabo damar zama mai tsabta. Amfaninsa ma galibi ga masu sauraro yake komawa, domin matashin malamin da ke zaune a bayan zaure yana koyon abin da jama'arsa take ɗauka da daraja.

Ƙorafi na biyu ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malamai ne suka koyar, masu hannu da shuni suka bayar, masu shara da masu gadi suka tsare wurin, Joyce kuma ya daɗe yana kula da kuɗin jami'ar. Don me za a tattara yabo a kan mutum guda? Gaskiya ne, kuma bikin da ya manta da waɗannan ya yi zalunci. Amma babba juji ne. Ranar da abu ya lalace ba mai neman mai gadi, ƙofar shugaba ake bugawa. Adalci bai yarda a ɗora wa mutum laifin kowa sannan a hana shi rabonsa na yabo ba.

Ƙorafi na uku ya fi sauran kaifi: bikin bankwana kan binne kurakurai. Hesburgh yana da masu suka har yau. Wasu 'yan Katolika suna ganin sanarwar Land O'Lakes ta 1967, wadda ya jagoranta don tabbatar da 'yancin jami'o'in Katolika daga ikon hukumomin coci, ta raunana ruhin addini a makarantun. Wasu kuma ba su manta da 1969 ba, lokacin da ya ba masu zanga-zangar da ke tare hanya wa'adin minti 15, daga baya aka hukunta ɗalibai goma. Ana iya ƙarawa da cewa shekara 35 ta yi yawa ga mutum ɗaya, kuma jami'o'in tarayya a Najeriya da suka taƙaita wa'adin shugaba zuwa shekara biyar sau ɗaya suna da hujjarsu. Wannan ƙorafin bai rushe karramawa ba, ya dai fayyace irin wadda ta halatta. Maroƙi ba ya faɗin aibin wanda yake wasawa, shaida kuwa da ya ɓoye rabin abin da ya gani ya ci amanar kotu. Jami'a, wadda sana'arta ita ce auna hujja, ba ta da uzurin yin roƙo.

Saboda haka in jami'a za ta sallami shugabanta, ta karanto gine-ginen da kuɗin, ta ambaci waɗanda suka ɗauki jinkar tare da shi, ta kuma faɗi inda aka yi saɓani ba tare da kunya ba. Sannan ta tambayi kanta ko ya bar ta da ƙarfin da za ta tafi ba tare da shi ba. Hesburgh ya rayu shekara 27 bayan saukarsa, ya rasu a 2015 yana da shekara 97, ya kuma ga shugabanni biyu sun gaje shi ɗaya bayan ɗaya, jami'ar tana ci gaba da aikinta. Duk cikin karramawar da aka yi masa, har da digirorin girmamawa 150, babu wadda ta kai wannan.