Kufan Gashaka: Mu Adana Ko Mu Manta?

A hutun da ya wuce muka kai ɗalibanmu Gashaka, tsohon ƙauyen nan na jihar Taraba da ke kusa da iyakarmu da Kamaru. Ta Serti muka shiga gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka mayar na ƙasa a 1991, inda dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu kamarsa a Nijeriya. Amma abin da ya tsaya mana a rai shi ne kufan wani sansanin Jamusawa a kan tudu, tun zamanin da suke mulkin yankin, kafin Turawan Ingila su kore su a Yaƙin Duniya na Farko.

Muna tsaye sai wani yaro ya ce, "Malam, don me ake adana gidan waɗanda suka danne kakanninmu?" Muka yi shiru, domin tambayar ta fi ƙarfin shekarunsa.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. In haka ne, sai mu bar ciyawa ta cinye wurin, mu huta da takaici. To, amma su ne kuma suka ce waiwaye adon tafiya. Wanne za mu ɗauka?

A ganinmu, yaron ya ɗauka adana abu girmama mai shi ne, alhali ba haka ba ne. Alƙali ma yakan ajiye wuƙar ɓarawo don ta zama shaida. Sannan mu tambayi kanmu, wa ya yi dakon duwatsun nan zuwa kan tudu? Ai talakawan wurin ne, waɗanda ba a rubuta sunayensu ba. Ranar da ganuwar ta ɓace, gumin nasu ya tafi ke nan babu shaida.

Jamus ta tafi, Ingila ta tafi, a 1961 mutanen yankin suka jefa ƙuri'a suka zaɓi Nijeriya. Yanzu amanar tana hannunmu, musamman mu marubuta. In muka yi sakaci, jikokinmu za su san sunan wanda ya ba da umarni, su jahilci wanda ya ɗauki kaya. Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, amin.