Gangar Ayari da Sabuwar Na'urar Wasa ta Hannu

 

Ranar Alhamis 5 ga watan Yuni na 2025, wadda ta yi daidai da 9 ga Zulhajji 1446, watau ranar tsayuwar Arfa, kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da sabuwar na'urarsa ta wasa mai suna Switch 2. Wata aba ce mai siffar ƙaramin allo, ana riƙe ta da hannu biyu, in an so kuma a jona ta da talabijin. A manyan biranen Amurka mutane sun yi layi a ƙofar kantuna tun cikin dare, kuma kamfanin ya ba da sanarwar ya sayar da fiye da miliyan 3 da rabi cikin kwana huɗu na farko. Ba wanda zai ce kamfanin ya zaɓi wannan rana da wata manufa, domin ba da kalandar Musulunci yake lissafi ba. Amma dai dacewar ta isa ta sa mai hankali ya tsaya ya yi tunani: ga taro biyu a yini guda, kowanne ya daɗe yana ƙidayar kwanaki.

Jiran kuwa tun da wuri aka tsara shi. A tsakiyar Janairu aka nuna hoton na'urar ba tare da faɗin kuɗinta ba. Ranar 2 ga Afrilu aka faɗi farashi, dala 450 a Amurka, wasan tseren motoci da ya fito tare da ita kuma dala 80. Nan gardama ta kaure a kan tsada, har aka ɗage ranar soma karɓar kuɗin masu riga-kafin saye a Amurka saboda harajin shigo da kaya da Shugaba Trump ya ƙaƙaba. A Japan mutum kimanin miliyan 2.2 suka rubuta sunansu a shiga ƙuri'a da su, ba don a ba su kyauta ba, don dai a ba su damar saye.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan mutumin Dutsin-Ma ko na Kurfi da wannan? A canjin wancan lokaci dala 450 ta kai wajen naira 700,000, tun ba a sa kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, watau albashin wata goma cur, ba ci ba sha. Kuɗin ya isa ragon layya na gani na faɗa. Lalle kaɗan ne daga cikin samarin waɗannan garuruwa za su taɓa na'urar da hannunsu. Sai dai labarinta ba ya bukatar dako. Dutsin-Ma gari ne na ɗalibai, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, kuma wayar da ke hannun ɗalibi ita ce ke hannun ƙanensa a Kurfi. Abin da aka nuna a Kyoto da safe, kafin la'asar an kalle shi a shagon cajin waya. Saboda haka kayan yana can ƙetare, amma begensa ya riga ya sauka a nan, kuma wannan begen shi ne abin dubawa.

In maganar irin waɗannan na'urori ta taso a majalisa, mutane sukan rabu biyu. Dattijo zai ce aikin banza ne, haramun ne, a taƙaice zance. Saurayi zai ce ba caca ba ce, ba giya ba ce, ina nassin da ya hana? Kowannensu ya riƙe ɓangaren gaskiya, kuma kowanne ya yi saurin rufe littafi.

Wanda ya ce wasa duk haramun ne, sunna ba ta tare da shi. Ya tabbata Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, tana wasa da 'yan tsana a ɗakin Manzon Allah, mai tsira da aminci, kuma ya yi tsere da ita har sau biyu. Ya tabbata ya bar mutanen Habasha suna wasa da māsu a cikin masallaci, ya kuma tsaya ya kare ta har ta gama kallo. Sa'ad da Hanzala ya zo yana tsoron ya yi munafunci domin yakan shagala da iyali in ya bar majalisar Annabi, amsar da ya samu ita ce rai yana da lokacin wannan da lokacin wancan. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 ta Hijira, ya yi gargaɗi a cikin Ihya'u cewa hana yaro wasa bayan ya taso daga makaranta yana kashe masa zuciya, ya dusashe masa basira, har ya shiga neman dabarar gudun karatun baki ɗaya.

Wanda kuma ya ce ba komi tunda ba caca, to bai karanta littattafan da aka rene shi da su ba. Hadisi ingantacce ya hana wasan nardu, wanda ake yi da jefa ƙwayar lissafi. A Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani an haɗa shi da shaɗaranji, watau darar Farisawa, an ce ba su halatta ba. Shafi'iyya sun sassauta a kan shaɗaranji, suka tsaya ga karhanci, da sharaɗin babu kuɗi a tsakani, babu jinkirta salla, babu alfasha. Wurin da ya fi dacewa da zancen yau yana cikin Muhtasar na Shehu Halilu, a babin shaida, inda ya lissafa dawwama a kan shaɗaranji cikin abubuwan da ke zubar da mutunci har alƙali ya ƙi karɓar shaidar mutum. A lura da kalmar dawwama. Malaman fiƙihu sun gane tun da daɗewa cewa hannu ɗaya na wasa daban yake da mutumin da wasa ya zama masa sana'a. Hukumar Lafiya ta Duniya sai a 2019 ta amince ta sa jarabar wasan na'ura cikin jerin cututtuka, gwamnatin Sin kuma a 2021 ta taƙaita wa yara wasan intanet zuwa awa uku a mako.

Ita ƙuri'ar da aka yi a Japan, tunda wasu sun ɗauke ta caca, ba caca ba ce, domin wanda bai dace ba bai yi hasarar ko kwabo ba, kuma Annabi da kansa yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya.

Duk wannan hukunci ne na wanda na'urar ke hannunsa. Saura wanda ba ta hannunsa, kuma su ne mafi yawa. A nan harshen Larabci yana da taimako. Alƙur'ani yana amfani da kalma biyu, la'ibu da lahwu, kuma sau da yawa akan fassara su duka da wasa, alhali ba ɗaya suke ba. Ragibul Asfahani, masanin kalmomin Alƙur'ani, ya mayar da la'ibu ga asalin da ke nufin dalalar yawu irin ta jariri, watau aikin da ba a nufi wata manufa da shi ba. Lahwu kuwa shi ne duk abin da ya ɗauke wa mutum hankali daga abin da ya shafe shi. La'ibu aikin gaɓɓai ne, sai da abin wasa a hannu. Lahwu aikin zuciya ne, ba ya bukatar a mallaki komi. Yaron da ya kwana yana kallon wani baƙo a ƙetare yana buɗe kwalin na'ura, ya ƙarar da kuɗin datarsa, ya makara sallar asuba, bai yi la'ibu ba ko na minti ɗaya, amma lahwu ya ci shi sarai.

Ƙarshen Suratul Jumu'a ya sauka ne a kan irin wannan. An yi wata shekara ta yunwa da tsada a Madina. Ana cikin huɗubar Juma'a sai ayarin fatake ya iso daga Sham ɗauke da abinci, malaman tafsiri sun ce na Dihyatul Kalbi ne. Al'adarsu in ayari ya shigo gari a buga ganga domin mutane su sani. Da jin gangar sai jama'a suka miƙe suka nufi ayarin, suka bar Manzon Allah a tsaye, har Jabir ya ruwaito cewa mutum goma sha biyu kaɗai suka rage. Ayar ta ambaci ciniki da lahwu, kuma da yawa daga masu tafsiri sun ce lahwun nan shi ne gangar. Ba kiɗan rawa ba ce, gangar talla ce. Ba wanda ya riga ya ga hatsin, ba wanda ya riga ya taya, sautin da ke cewa kaya sun iso shi ya ta da su.

Wajibi ne a yi ladabi a nan. Waɗannan sahabbai ne, yunwa ce ta kore su ba kwaɗayi ba, kuma akwai ruwayar da ta nuna a lokacin huɗuba bayan salla ake yin ta, suka zaci ba laifi a tafi. Duk da haka aka yi musu faɗa. To in an yi wa mai jin yunwa faɗa don ya bi gangar abinci, yaya wanda ya ƙoshi ya bi gangar abin wasa? Bambancin da ke akwai shi ne Dihya sau ɗaya ya buga tasa gangar, ranar da ya iso. Kamfanonin yau wata biyar suke bugawa kafin kaya su iso, da gangan, da masana da aka ɗauka aiki domin su san yadda za a hana zuciya sakat. Nintendo ba baƙo ba ne a wannan fage, domin a 1889 aka kafa shi a Kyoto yana buga katin karta, kuma tun Game Boy ta 1989 yake sa wasa cikin aljihun yara. Sa shi a aljihu kuwa shi ne babban canjin. Dara tana da wurinta a gindin bishiya, langa tana da lokacinta a farin wata, in an tashi an tashi. Abin da ke aljihu ba a tashi daga gare shi, yana bin mutum har sahun salla.

Akwai wata hasarar bayan ta lokaci. A Suratu Ɗaha an hori Annabi da kada ya miƙa idanunsa ga abin da aka jiyar da wasu daɗi da shi na ƙawar duniya, hadisi kuma ya umarci mutum ya dubi na ƙasa da shi domin kada ya raina ni'imar da yake ciki. Saurayin da ya yi wata biyar yana kallon abin da albashin mahaifinsa na wata goma ba zai saya ba, da wane ido zai dubi mahaifin nan? Daga nan raini yake farawa, sa'an nan neman kuɗin gaggawa, kuma shagon cacar ƙwallo ba ya nisa da mai neman kuɗin gaggawa.

Amma dattawa su ma akwai abin da za a tambaye su. Shekarun da aka yi ana fama da 'yan bindiga a wannan yanki sun rage wa yara dandali da wasan dare, musamman a ƙauyuka, kuma uba da yawa ya fi son ɗansa ya zauna a ɗaki da waya a kan ya fita bayan magariba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, saboda tsaro. Duk mahaifin da ya ga wancan lokaci zai iya tuna abin da 'ya'yansa suka koma yi da wayar ta mutu, ya kuma tambayi kansa ko shi ya tanadar musu wani abu a madadinta. Wanda aka rufe masa fili aka kuma hana shi allo, ina ake so ya kai ƙuruciyarsa? Bugu da ƙari, mai tsine wa na'urar dala 450 sau da yawa bai san abin da ke cikin wayar da shi da kansa ya saya wa ɗansa ba. Wasan da aka biya kuɗinsa sau ɗaya aka gama ya fi tsabta a shari'a a kan wasannin da ake kira na kyauta, waɗanda ke sayar wa yaro rufaffen akwati bai san abin da zai fito ba. Wannan garari ne tsantsa, kuma hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa caca ce.

In ɗa ya zo wa mahaifinsa da hoton na'urar nan yana roƙo, cewa haramun ce ba za ta gamsar da shi ba, domin zai je ya bincika ya ga malamai ba su haɗu a kan haka ba, daga nan kuma sauran maganar uban ta yi rauni a wurinsa. Abin da ya fi shi ne a zaunar da shi a ba shi alƙalami, ya raba naira 700,000 da abin da ke shigowa gidan a wata, ya faɗi amsar da bakinsa. Sa'an nan a tambaye shi awa nawa ya ba wa kallonta tun daga Janairu, da sallar asuba nawa ta wuce shi a cikin jam'i. In kuwa gidan masu hali ne, aka saya da kuɗin halal ba bashi ba, to sharuɗɗan da Shafi'iyya suka gindaya wa shaɗaranji su ne dai sharuɗɗanta, a ƙara da duba abin da ke cikin wasan na tsiraici ko shirka, a kuma yanka mata lokaci, ta kwana a ɗakin uba ba a ƙarƙashin matashin yaro ba.