Kana Gusau, Firinta Tana Maradun

Ɗana, na ji an ɗora maka kula da kwamfutoci da firintocin ma'aikatarku, hedkwata a Gusau, rassa a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Allah ya taya ka riƙo. An kuma ce kana murna, wai daga kujerarka za ka riƙa ganin komai a allon kwamfuta. Matso kusa mu yi magana.

Ba na raina wannan fasaha. Firintar da aka haɗa da intanet takan ba da labarin kanta: shafi nawa ta buga, tona ta kusa ƙarewa ko da saura, takarda ta maƙale ko an bar murfi a buɗe. Manhaja irin HP Web Jetadmin tana tara maka wannan duka wuri guda, PaperCut kuma tana nuna wanda ya buga da yawan abin da ya buga. Da haka za ka aika tona Bakura tun kafin ta ƙare, ba sai ranar da manoma suka yi layi cikin rana suna jiran rasit ba. A wannan zamani da hanyoyinmu ba su da tabbas, duk tafiyar da aka rage wa ma'aikaci alheri ce.

Amma kai ɗan Bakolori ne, ka san labarin gida. A 1978 kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya kammala dam ɗin Bakolori, aka shimfiɗa bututun yayyafi a gonaki masu yawa, abin gwanin sha'awa. Ruwan yayyafin ya dogara ne da famfo, famfo ya dogara da lantarki da kayan gyara daga waje. Da waɗannan suka yanke, sai bututu suka koma kwanciya a ƙasa. Inda noma ya ci gaba shi ne inda ruwa ke gangarowa da kansa ta kwalbati, akwai kuma mutum tsaye a bakin ƙofar ruwa yana buɗewa yana rufewa. Shirinka na firintoci ma a kan sabis da wuta yake tsaye. Ka tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba intanet. In irin wannan ta sake faruwa, allonka zai yi shiru, aiki kuwa bai tsaya a Maradun ba.

Don haka kowane reshe ka samu mutum guda, ko masinja ne, ka koya masa da hannunka. Ya iya zare takardar da ta maƙale a hankali ba tare da ya yage ta a ciki ba, ya iya canza tona, ya iya haɗa firinta da kwamfuta ta kebul in sabis ya ɗauke. Ka bar masa tona ɗaya a ajiye da littafin da zai riƙa rubuta abin da ya faru. Ka kira shi da sunansa, ka gode masa, domin shi ne idonka a can. Manhaja ba ta ganin ƙurar hunturu da ke shiga cikin inji, ba ta jin damshin damina da ke sa takardu su manne wa juna. Ba ta san an jona firinta mai tona a ƙaramar inbata ba, alhali irin wannan firinta tana jan wuta sosai in tana ɗumama. Reshen da sola kaɗai ke riƙe da shi, firinta mai tankin tawada ta fi dacewa da shi.

Sai maganar amana, wadda ta fi damuna. Abin da ke bi ta cikin injinan nan ba takarda ba ce kawai. Akwai lambar NIN ta mutane, da BVN, da jerin albashi, da sunayen manoman da ake bi bashin taki. Wasu manyan firintoci suna ajiye kwafin abin da suka buga a cikinsu. Ranar da kuka kafa kowace, ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, kada kuma ka bar ƙofarta a buɗe ga duk mai intanet. In za a sayar da tsohuwa, a goge ta tukuna.

Lissafin shafi kuma kada ka mai da shi bulala. In ka ga Mafara ta buga ninkin abin da ta saba, ɗauki waya ka tambaya kafin ka rubuta wa shugaba rahoto. Mai yiwuwa lokacin rajistar manoman rani ne. Na taɓa ganin an zargi wani bawan Allah da cin takarda a wani ofis, ashe inji ne ke jan biyu biyu, mutumin ya daɗe yana jin ciwon abin a ransa.

Duk lokacin da hanya ta yi kyau, ka je da kanka, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka tafi da tsumma mai laushi, ka buɗe murfin, ka zauna da mutumin naka ku duba littafinsa tare.